Ba a Kira a Tsaunin Gwaska

Tun da hukuma ta killace Tsaunin Gwaska, ba mai hawa sai an ɗaura masa zoben wuya mai ɗauke murya, wai don kada a firgita namun daji.

Lantana ta kawo mahaifinta makaho, Malam Barau, bakin ƙofar tsaunin tana ta mita.

"Baba, kai ba ido, ni ba baki, me za ka samo a can?"

"Iskar garinmu," ya ce. "Ke dai riƙe sandar, uwar surutu. Yau kunnena zai huta."

Mai gadi ya ɗaura musu zobban, suka kama hawa, tana gaba yana baya, sanda a tsakaninsu. Suka wuce magangarar ruwa da kangon ƙauyensu na da. Can sama gajimare ya sauko ya rufe hanya, ko tafin hannunta ba ta gani. Sai ta ji sandar ba nauyi.

Ta juya, babu shi. Ta wage baki iya ƙarfinta, ba abin da ya fito. Ta yi ta buga sandar a dutse tana lalube, har la'asar ba shi ba alamarsa.

Da gudu ta gangaro, gwiwoyi duk jini. Mai gadi na kwance zoben, kiran da ya maƙale mata tun hantsi ya fashe: "Baba!"

"Baiwar Allah, sassauta murya," in ji mai gadi. "Namun dajin suna jin ki daga nan."

Lantana ta cika ƙirji ta sake kira, ta kasa kunne. Sai ta tuna nasa zoben na nan a wuyansa.