Kitsen Cikin Ƙashi

Likitar ta ɗaga hoton ƙashin zuwa haske, ta nuna inda ƙashin ƙugun yarinyar ya tsage ana tsakiyar tsere.

"Mama, yaushe rabonta da ganin al'ada?"

"Ta kusa shekara," in ji uwar. "Ai haka 'yan tsere suke. Ni ma haka na yi a nan garin Iten."

"A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da ba su zama komai ba tukuna. Sinadarin jikin mace ne ke sa su zama ƙashi. Idan yunwa ta kore shi, sai su rikiɗe su zama kitse. 'Yarki ta rame, amma ƙashinta cike yake da kitse. Wa ke hana ta abinci?"

Uwar ta sunkuyar da kai, ta ce ba ta sani ba.

Da suka koma gida uwar ta tuƙa ugali, wato tuwon masara, ta cika kwano, ta kai wa 'yar bakin gado. Yarinyar ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta miƙo mata shi.

"Mama, yau kin manta ba ki cire rabin ba."