Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar tace saƙonni, babu imel ɗin da ke fita sai Ofishin Tacewa ya karanta shi. Guda ɗaya ne ya gagare su, shi ya sa aka kira Inna Tabawa ranar Laraba da hantsi.

Jami'in, Malam Zubairu, ya turo mata na'ura gabanta.

"Inna, ɗanki na fari ya auna ruwan rijiyoyin garinku, ya kulle sakamakon a imel ɗinki kafin mu kama shi. In ba a buɗe an goge ba, jibi saƙon zai tafi gidajen rediyo da kansa. Da muryarki ya kulle shi. Sunansa kawai za ki faɗa."

"Yau shekararsa arba'in da ɗaya," in ji ta, "ban taɓa kama sunansa ba."

"Mun sani. Mun saurari duk wayar da kika yi cikin shekara ashirin, ko sau ɗaya ba mu ji ba. Ki faɗa, yau ya kwana a gida."

Ta kalli na'urar. Ta tuna jikokinta biyu da gurɓataccen ruwan nan ya kwantar.

"Shi ya zaɓi makullin, ya kuwa san uwar da ta haife shi."

Ta gyara mayafinta, ta miƙe.

"Inna, ina za ki?"

"Gida. Zan sa wa rediyona batir kafin Juma'a."