Ranar da Jita Ba Ta Amsa Ba

Masu ba da labarin Cleotis Barfield sun saba cewa baƙin ciki ne ya shaƙe shi a bikin girbin auduga, har ya kasa ƙarasa waƙar da ta ɗaukaka sunansa. Wannan zancen waɗanda suka tsaya can baya ne, wajen masu suyar tarwaɗa. Ba haka aka yi ba, kuma ya kamata a gyara.

A lokacin babu makaɗin bulus, wato kiɗan jita na baƙar fatar Amurka, a faɗin jihar Mississippi da ya kama ƙafarsa. Furfura ta rufe kansa, amma yatsunsa ba su tsufa ba. A ranar ce kuma garinsu ya shirya raɗa wa titin tasha sunansa da zarar ya sauko daga dandamali.

A bencin gaba akwai wata tsohuwa mai farar hula da maficin coci, Misis Pettaway, wadda ta kwana a mota daga birnin Detroit mai nisa. Ba ta sauraron irin wannan kiɗa, a ganinta hayaniyar mashaya ce. Bara ne waƙar ta ratso bango daga rediyon maƙwabta, ta ajiye cokalin da ke hannunta, ta saurara har ƙarshe. Niyya ɗaya ta kawo ta garin: yau ba zai kai ƙarshen waƙar nan ba.

Ya hau dandamali da la'asar, cikin kwat ruwan hoda, haƙorin zinariya yana walƙiya. Kiɗa kam ya iya, wannan ko ita ba ta musa ba. Ya sa wuyan kwalba a ƙaramin yatsa ya ja shi bisa tsirkiya, mata suka miƙe, tsofaffi suka manta da sandunansu. Ita dai fifita take yi, tana kallon yadda yake satar duban jama'a bayan kowace gwaninta, kamar mai talla yana jiran a taya.

Da ya ga sun yi laushi, sai ya cire hula, ya ɗaga jitar sama.

"'Yan'uwa, ku dubi tabon nan da ke jikin jitar. Ruwan shekarar da kogi ya fasa madatsa ne. Kwalekwale ya kife da ni da matata Ozella. Da hannun nan biyu na riƙe ta, har ruwa ya ƙwace mini ita."

Misis Pettaway ta dubi tabon. Bai kai faɗin tafin hannu ba. Lallai an kula da jitar nan, in ji ta a ranta. Kuma mutumin da ya riƙe mace da hannu biyu, da wane hannun ya fito da kayan kiɗa? A cikin wannan taro duka babu mai hankalin da zai tambaya.

Wani ƙato da ke gefenta, bakinsa duk man kifi, ya miƙo mata hankici.

"Mama, riƙe wannan. Idan Baba ya fara kiran marigayiya, ko limamin cocinku sai ya yi hawaye."

"Goge bakinka da shi, ɗana. Ka fi ni bukata."

Mutanenmu sun san yadda waƙar take. Mawaƙi ya yi kira, ya yi shiru, jita ta amsa masa. Cleotis ya gina arzikinsa a kan wannan ɗan shirun. Yakan kira sunan matar, ya dakata har numfashin jama'a ya tsaya, sannan ya ja kwalba, tsirkiya ta yi kuka da muryar mace. Mutanenmu kuma ba sa jin waƙa baki rufe, kowa jefa tasa yake yi.

"Ozella!" ya kira. Jita ta amsa.

"Faɗa musu, Baba!" in ji ƙaton, hawaye har haɓa.

"Ozella!" Jita ta sake amsawa. Wata mata ta zube, aka shiga yi mata fifita.

Ya rufe ido, ya karkata kai yadda ya saba, ya ja sunan har muryarsa ta yi rawa a daidai inda take rawa kowane mako. Ya dakata. Cikin shirun nan Misis Pettaway ta yi magana, ba tare da ta ɗaga murya sosai ba.

"Na'am, Cleotis. Ina jin ka."

Na kusa da ita ba su ko waiwaya ba, sun ɗauka irin amshin da kowa ke jefawa ne. Shi kuwa ya buɗe ido. Wuyan kwalbar ya sulluɓe daga yatsansa, ya gangara har bakin dandamali. Ya bi bencin gaba da kallo fuska bayan fuska, har ya tsaya a kan farar hula. Ta ci gaba da fifita. Ya juya ya sauka, yana jan jitar a ƙasa.

Jama'a suka ɓarke da kuka da tafi, wai ƙauna ta fi ƙarfin tsoho. Aka raɗa wa titin sunansa yana ɓoye cikin mota. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake taɓa waƙar ba.

Saboda haka idan kun bi ta titin nan, kada ku cire hula don girmama shi. Ku gaya wa na kusa da ku cewa kwalekwalen bai kife ba: wurin mutum ɗaya ya rage a cikinsa, Cleotis ya ɗora jitarsa a wurin, ya bar matarsa a kan rufin gida, wani masunci mai suna Pettaway ya sauko da ita, daga baya ya aure ta, kuma ita ce ta amsa kiran.