Tanko Biyu a Gidan Biredi

Alhaji Sagiru, wallahi na ji daɗi da ka ce za ka buɗe wa ma'aikatanka asusun fansho. Allah ya yi albarka! Amma kafin ka sa hannu a takarda, gyara zama ka ji abin da ya sami wata mai gidan biredi.

Hajiya Asabe ake ce mata, mace mai sakin hannu, ma'aikatanta sun kai talatin. Wata rana ta tara su ta ce daga yau za a riƙa yankar wani abu a albashin kowa duk wata, ita ma ta ɗora nata, a kai kamfanin fansho ya ajiye musu saboda tsufa. Sowar da suka yi sai da maƙwabta suka leƙo. Don ɗoki, a wuni ɗaya ta cike takardun kowa, tana tsaye a bakin tanda. To, ashe a gidan akwai Tanko biyu: Baba Tanko mai gasa biredi, wanda wuta ta cinye gashin hannunsa tun yana saurayi, da Tanko direba mai kai kaya kasuwa. Garin sauri ta rubuta lambar asusun direba a gaban sunan tsoho. Shekara tara ba ta taɓa fashin biya ba. Kamfanin yana aiko mata da takardar bayani, ita kuwa sai ta jefa a durowa ko buɗewa ba ta yi, wai mai biya a kan kari ba shi da fargaba.

Ranar da Baba Tanko zai ajiye aiki, gidan ya zama kamar na biki. Ta yanka rago, ta kafa rumfa, ta ɗinka masa babbar riga. Ta ce kada kowa ya taɓa abinci, ita da kanta za ta kai shi ofishin kamfanin fansho su dawo da albishir. A mota bakin tsoho bai rufu ba: zai yi wa ɗakinsa rufin kwano, zai sayi awaki uku, zai riƙa barcin safe kamar kowa. Da suka isa, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, ta ɗago kai.

"Hajiya, asusun Baba babu komai a ciki. Duk abin da kika turo ya tafi wajen mai lambar da kika rubuta. Tantance suna da lamba nauyin mai ɗaukar ma'aikata ne."

Tsoho ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ganinsa haka ya fi zagi yi mata ciwo.

Wata huɗu tana zarya. Yau rantsuwa a kotu, gobe wasiƙa zuwa hukumar fansho, jibi a nemo direba daga hanya ya zo ya sa hannu cewa ba haƙƙinsa ba ne. Hukuma ta ci ta tara, kuma duk tsawon lokacin daga aljihunta take ciyar da gidan tsoho, don ta ce kuskuren hannunta ba zai sa wani ya kwana da yunwa ba. Ranar da saƙon kuɗin ya faɗo a wayarsa, Baba Tanko ya sheƙo a guje ba ko takalmi, yana ɗaga waya sama yana kabbara. Mata suka rangaɗa guɗa, direba ya danna hon har sai da aka roƙe shi ya bari! A take Hajiya ta sa aka kashe tanda, ta zazzage durowar nan a ƙasa, ta zaunar da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta sunansa da lambarsa da bakinsa. Kafin la'asar an gano mutum biyu da aka rubuta musu shekarar haihuwa ba daidai ba, aka gyara tun suna da sauran ƙarfi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.