Jarkar da Aka Dire a Ƙofar Coci

"Kar ka faɗi inda ka samo maganin ciyawar, ni kuma in girbe maka zaitun bana," in ji maƙwabcin wani tsoho, yana tsaye a gefen gadonsa na asibiti.

Tsohon ya miƙa hannu. "Na yarda, mutumina."

Kwanakin baya ne tsohon ya hura famfon feshinsa da ya toshe da baki, yadda kowa ke yi a ƙauyensu na tsibirin Kirit, haramtaccen maganin ya fantsamo masa har maƙogwaro. Likita ta ce huhunsa na ƙandarewa, jijiyoyin jininsa na yoyo. Ta tambaye shi wanda ya sayar masa, ya juya fuska ga bango.

Ranar Lahadi matarsa ta dire jarkar maganin a ƙofar coci, da rubutun hannun maƙwabcin a jikinta.

Maƙwabcin ya faɗo ɗakin asibitin yana huci. "Ka ci amanata, tsohon banza!"

"Bakina ka saya," in ji tsohon, yana jan numfashi da ƙyar. "Jarka ba ta cikin ciniki."

Maƙwabcin ya rasa masu gaishe shi, tsohon ya rasa huhu. Manoma goma sha ɗaya da suka daina feshin a makon, su suka ci riba.