Zanen Marigayi

Mai zane yana wanke burushi a gwangwanin kananzir wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon, da goyo a bayanta.

Duk garin an san tsohon mai zanen. Da rubutun allon shagunan aski ya fara tun yana saurayi, daga baya ya baro garinsu neman gwanaye, ya yi shekaru yana dama musu fenti kafin hannunsa ya faɗa. Abin da idonsa ya gani shi yake zanawa, tamoji ne ko furfura. Wani attajiri ya taɓa roƙonsa ya rage masa tumbi, ya ce ya je ya rage abinsa ya dawo.

"Baba, mahaifina nake so ka zana mini," in ji matar. "Sai dai ba ni da hotonsa. Ina cikin zanin goyo ya rasu."

"'Yata, ni ba na zana abin da ban gani ba."

Ba ta tafi ba. Ta zauna a kan benci ta shiga lissafo abin da mahaifiyarta ta sha faɗa mata: dogo ne, siriri, mai wushirya, da tabo kamar ƙugiya a gefen goshi. Ya tambayi garinsu da sunan mahaifiyar. Da ta faɗa, sai ya gyara zaman hularsa, ya daɗe yana neman murfin gwangwanin da ke hannunsa.

"Tana nan lafiya?"

"Watan jiya muka rasa ta. Har ta koma ga Allah ba ta sake aure ba. Kullum cewa take mutumin kirki ne, mutuwa ce kaɗai ta isa ta raba shi da mu. So nake yarona ya tashi ya san fuskar kakansa."

Ya ce ta dawo bayan mako guda.

Ya rufe shagon, ya mayar da duk wani aiki. Maƙwabta sun ce ko abinci sai an matsa masa.

Ranar da ta dawo, ta tsaya gaban zanen ta dafe baki. Saurayi ne yana murmushi, kamar a kira shi ya amsa.

"Wallahi kunnuwan yarona ne sak! Ni ko maganar kunne ban yi maka ba."

"Aikinmu ke nan," ya ce.

Ya roƙe ta ta ba shi yaron ya ɗan riƙe. Ya riƙe shi har sai da ita da kanta ta miƙo hannu.

A bakin ƙofa ta rungume zanen a ƙirji ta ce, "Allah ya jiƙan babana."

"Amin," ya ce.

Sai da takunta ya ɓace ya cire hularsa, ya shafa tabon da ke gefen goshinsa, ya sulale ƙasa yana kukan uban da 'yar cikinsa ta yi wa addu'ar mamaci a kan idonsa.