Ƙwai Don Suruka

A cikin motar haya, kwandon da ke cinyar wani saurayi ya motsa, matar da ke gefensa ta ɗage ƙafafu ta ce maciji ne. Direba ya taka birki, buhunan kwakwa suka zubo kan fasinjoji.

"Ƙwai ne fa, Inna," in ji saurayin. "Na kazar dutse. Uwar budurwata zan kai wa a ƙetaren tsibiri, yau za ta fara ganina."

Kazar dutse ba ta kwanci. A toka mai zafi ta gindin Tavurvur, dutse mai aman wuta, take binne ƙwanta, dutsen ya ƙyanƙyashe mata. Kowa a ganye yake naɗe su. Shi kuwa don gwaninta manyan can ƙasa ya tono, ya jera su cikin tokarsu, ya zauna kan murfin injin motar mai zafi.

Ya buɗe kwandon a hankali. 'Yan tsaki suka karkaɗe toka, suka yi fir ta taga suka shige daji.

"Ango, sadakinka ya yi fiffike," in ji wani tsoho, bakinsa jajur da goro.

Ƙwai ɗaya ya saura. Saurayin ya rungume shi yana lallashi.

Sai ga wata dattijuwa ta fito daga daji, ɗan tsako a kan gashinta, ta hau motar fuska a murtuke.

"Sannu, Iya," in ji direba. "An ce yau mai neman 'yarki zai zo."

A tafin saurayin, ƙwan ya ce ƙas.